Keken da Ba a Hawa

Muna jiran jirgin fito a bakin kogin IJssel, kowa bisa kekensa, sai ga wani dattijo yana tura nasa. Wata tsohuwa da ke tsaye riƙe da nata ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, tayarka ba ta sace ba, kake tura keke kamar baƙo?"

"Gwiwa ce ke damuna."

"Mai ciwon gwiwa ba ya tafiya yana ware ƙafa. Basir ne."

"Haba baiwar Allah, a gaban jama'a?"

"Rabin jama'ar nan sun san shi. Shiga kantin magani, ka ce a ba ka audugar nan da aka jiƙa da ruwan ganyen wani itace da ake kira hamamelis. Ka ajiye ta a firji. In ka yi bayan gida, ka ɗora ta a wurin a hankali, ban da gogawa. Sai ka ji kamar an yi maka gafara. Amma in ka ga jini, ka nemi likita."

Ya yi ƙasa da murya. "Ranar Asabar auren 'yata Femke. A keke za mu raka ta ofishin magajin gari, ni ne a gaba."

"Za ka hau, har ka saki hannu."

"Ke kin gwada?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Mijina ne ya gwada."

Da muka tsallaka, kowa ya haye kekensa ya wuce. Na waiwaya, na hango su biyun a baya, kowa na tura nasa.