Maganin Lahadi da Allurar Cizon Kare

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa da dukkan masu sauraro. Ni tsohon hedimasta ne mai ritaya a Roni, kuma kwana biyu ke nan na kasa zama wuri guda.

Tun muna makarantar kwana aka saba mana da shan maganin zazzaɓin cizon sauro kowace Lahadi. Har yau, da damina, nakan ba maiɗakina Hajiya kulorokwin, in tsaya a kanta sai ta haɗiye.

Kwana tara da suka wuce, wani kare da ba a san mai shi ba ya cije ta a ƙafa. Na kai ta asibiti a Kazaure, aka wanke ciwon, aka fara mata allurar rigakafin haukan kare. A ranar allura ta uku, ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko tana shan wani magani. Na faɗa mata, har da alfahari.

Ta ce, "Haba Baba! Me ya hana ka faɗa tun farko? Maganin nan yana iya rage ƙarfin allurar."

Hajiya ta ce, "To, Malam likita, ka ji."

An dakatar da maganin, an ce mu ga likita ranar Litinin. Litinin ta yi mini nisa. Ina roƙon likitan shirinku ya bayyana mini: za a sake allurar daga farko ne, ko waɗanda aka yi sun wadatar?

Jama'a, wanda kare ya ciza, ya faɗi duk maganin da yake sha tun ba a tambaye shi ba. A sa Hajiya a addu'a.