Muryar Fada Ta Kauce

A tashar bas ta bayan babban cocin garinsu a Ingila, wata dattijuwa ta gane Crispin, ɗaya daga mawaƙan da cocin ya ɗauka aiki.

"Sannu, ɗana. Kun rera da daɗi yau."

"Mun dai lallaɓa, Mama. Fada ke ɗaga waƙa mu amsa, shi kuwa kullum sai ya kauce ya ja mu. Gobe zan ce wa shugabanmu a canja shi."

"Kunnensa ne ya mutu."

"Kin san shi?"

"Mijina ne. A gida nake rera masa, hannunsa a maƙogwarona, ko zai kama."

Crispin ya sunkuyar da kai.

"Je ka faɗa, ɗana," in ji ta. "Ni na kasa gaya masa."