Gayyar Nagoggo

Shugaban wannan taro, Baturen makarantu, Wakilin En'e, malamanmu da suka koyar da mu, 'yan'uwana malaman elimantare, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Dabo, malamin aji biyu daga Kusada ta ƙasar Kankiya. An ce in yi godiya a madadin waɗanda suka gama kwas, kuma zan yi ta, don an cancance ta. Na zo nan ina koyar da lissafi da tsumagiya, zan koma ina koyar da shi da tsakuwa da ƙwayar dawa. Wanda ya nuna mini wannan, Allah shi saka masa.

Amma ranku shi daɗe, wa ya zaɓi damina don yin kwas?

Kwana uku muka yi a mota kafin mu iso. A nan ruwa na sauka bisa kwano, ni kuwa hankalina na can garinmu Fakuwa, inda uwata Nagoggo ke tsaye bakin gona. A wurinmu noman gero gayya ake yi. Ka je ta wani, shi zo taka. Damina biyu ke nan ana kirana kwas, damina biyu ba a ga fartanyata a gonar kowa ba.

Shekaranjiya takarda ta zo daga ƙanen ubana, Manu. Ya ce tsohuwa ta kira gayya, ta dama furar mutum ashirin, mutum uku suka zo. Ya ce, "Ɗana, ba wanda ya ƙi ta, kai aka ƙi. Ka ce wa Baturenka shi aro mata alli ta kashe ciyawa." Na yi dariya, jama'a, daga baya na kasa cin abinci.

Ban ga laifin mutanen garinmu ba, gaskiyarsu ce. Ban ce a daina kwas ba, muna bukatarsa. Roƙona ɗaya ne: a mayar da shi bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu. Malamin da garinsu ya daina zuwa gonarsa, yaya za a ba shi 'ya'ya?

Gayyar bana kam ta wuce. Gobe in mota ta tashi, zan sauka Kankiya in taka da ƙafa, in fara da gonar Manu kafin tamu.

Allah shi kai kowa gida lafiya, shi ba mu damina mai albarka, shi sa mu iske iyayenmu da rai.

Na gode.