Kada a Soke Jimillar Bayan Ambulan

Mai girma shugaban taro, Fasto Semisi da ya ba mu aron zauren coci, masu unguwannin tsibiranmu, 'yan uwana ma'aikatan jinya da kuka ratso teku kuka zo, iyayenmu maza da ke can baya gaban akushin kava, abin shanmu na gargajiya, kamar ba sa jin mu, jama'a baki ɗaya, barkanmu da war haka.

Ni ce Kalolaine, mai kula da ɗakin shigar da katunan marasa lafiya cikin kwamfuta a ma'ajiyar magunguna. Ina godiya da aka ba ni dama kafin ku kaɗa ƙuri'a kan shawarar soke jimillar bayan ambulan.

Da farko, mece ce jimillar nan? Kowane wata nas takan tattara katunan tsibirinta a ambulan, ta rubuta adadinsu a baya, ta haɗa lambobin rajistar marasa lafiyar ta rubuta abin da ya tashi. Idan mun gama shigarwa, kwamfuta ma ta yi nata lissafin. In sun zo ɗaya, a ɗaure magani a sa a jirgin ruwa; in sun saɓa, ba mai tashi daga kujera sai an gano dalili.

Na biyu, na ji ƙorafinku, kuma na san aiki ya yi muku yawa. Lesieli, nas ɗin tsibirin can ƙurya, ta tare ni a tashar jirgi ta ce, "Haba Kalo, ke ma dai! Haɗa lambar mutum da ta mutum ai haɗa kwakwa da alade ne. Me zai fito?" Na ce, "Ba abin da zai fito, ƙawata. Ba ma'ana muke nema ba, saɓani muke nema."

Na uku, katunanmu ta teku suke zuwa, ruwa ya jiƙa su, biyu su manne su koma ɗaya. Bara jimillar wani ambulan ta ƙi daidaita, muka bi kati-kati, sai ga na wata tsohuwa mai ciwon sukari manne a bayan na jikanta. Wanda kwamfuta ba ta gani ba, ba a ɗaure masa allura, jirgi kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata. Kun fi ni sanin abin da wata guda ba allura ke yi wa mai sukari.

To ga ambulan ɗin Lesieli na wannan watan a hannuna. Ba ta jira ƙuri'a ba, bayansa fari fat, kuma ya iso a jiƙe, gefe a yage. Mun shigar da abin da muka tarar. Katin Baba Fatai, mahaifinta, shi ma mai sukari, ba ya ciki. Na lura ne kawai don na san shi, na ci doyar gonarsa, don haka na sa an ɗaure allurarsa. Waɗanda ban sani ba fa? Abin nan ya hana ni sukuni.

Ba tona miki asiri nake ba, Lesieli, tambaya nake: kati nawa kika sa a ciki? Jibi jirgi zai tashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kwantar mana da teku, ya mai da kowa tsibirinsa lafiya.

Na gode.