Direba a Ƙofar Likitan Jijiya

A bencin ƙofar likitan jijiya, wata dattijuwa da wani magidanci suna jiran kira.

"Mama, jikin naki ne?"

"A'a, 'yata na kawo, tana ciki. Ciwon nan ne da suke kira em-es, mai cin jijiyoyi."

"Ni ma shi aka ce min. Ita yaya ya fara mata?"

"Da ido. Ɗaya ya dushe, sai ya dawo garau. Daga nan ƙafar dama ta riƙa mutuwa."

"Ni ma ta dama ce. Amma ai yana lafawa. Sai in daɗe ban ji komai ba."

"Haka nata ya riƙa yi. Yanzu a keke nake tura ta, ni nake mata wanka."

Ya murza gwiwarsa.

"Mece ce sana'arka, ɗan nan?"

"Tuƙi. Motar fasinja, doguwar hanya."

"Da wannan ƙafar kake taka birki?"

"In za ta yi nauyi ina ji. Sai in tsaya gefe in ce inji ya yi zafi."

"Mai motar ya sani?"

"In ya sani wa zai ciyar min da yara? Matata ma ciwon baya na ce mata."

"Allah ya sawwaƙe. Gobe kana da lodi?"

"Da sassafe, in Allah ya kai mu."

"Wace hanya?"

"Lafiya, Mama?"

"Yaranta ne za su zo duba ta gobe. So nake in gaya musu motar da ba za su shiga ba."