Mahaɗar da Ba Ta Fashewa

A bencin shagon mai sassaƙa ƙarfe, wani dattijo na zaune riƙe da fasasshiyar roba cikin hankici. Mutumin da ke gefensa, hannu duk baƙin mai, ya leƙa.

"Baba, mahaɗar tiyon lagireto ce ko? Ashe motarmu iri ɗaya. Robar nan ba ta da amana, da ta sha zafi sai ta tsage."

"Haka take. Duk shekara sai ta yi mini."

"Ka zo inda ya dace. Ni na kawo samfurin, muka sassaƙa ta ƙarfe. Duk abokaina ita muka sa."

"Ita ma tana lalacewa?"

"Ina! Sai dai motar ta mutu ta bar ta."

"Ko ɗan yoyo ba ta yi?"

"Haba Baba, kamar so kake ta yi! Wa ke canza maka ne?"

"Ɗana. In ta fashe sai in kira shi, ya taso daga garin da yake aiki. Mu wuni a gindin mota ina miƙa masa sifana, uwarsa na ta ɗora tukunya. Har kwana yakan yi."

"Ka hutar da shi ke nan."

"Shi ma haka ya ce. Shi ya turo ni."

Injin ya yi shiru. Mai shago ya leƙo ya ce, "Na gaba!" Dattijon ya naɗe robarsa a hankali.

"Shiga kai, samari. Ni ba sauri nake ba."