Na Je Gidan Zuhudu a Tsakiyar Damina

Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Dauda, direba ne ni, ina zaune a unguwar Ain Khaled, nan Doha. Kun saba ganina a kujerar baya a coci kowace Jumma'a, ranar sujadarmu a nan. Gangar jikina kawai kuke gani.

Lokacin korona Mama ta rasu can gida. Jirage ba sa tashi, ni ma ina kwance da cutar. A waya na kalli jana'izarta, hoton yana tsayawa yana tafiya. Da aka gama na kashe wayar, na sha ruwa. Ban yi kuka ba.

Na warke, amma hancina bai dawo ba. Ba ƙamshi, ba wari. Zuciyata ma haka ta koma. In na durƙusa addu'a, baki ne kawai ke motsi.

Da gasar kofin duniya ta zo, abokin ɗakina Alhasan, ɗan Zango daga Ghana, ya ja ni kasuwar Souq Waqif. Ganguna, tutoci, hayaƙin turare ko'ina. Ya ce, "Haba, Dauda, ko murmushi ka yi mana! Mutum ne kai ko itace?" Na ce masa gajiya ce.

Yayana Yohanna ɗan zuhudu ne, shi da sauran 'yan zuhudu suna zaman addu'a cikin wani kurmi a kudancin Kaduna. Shi ya riƙe hannun Mama a ƙarshe. Na ce bari in je ya faɗa mini kalamanta, ko zan ji wani abu a raina. A waya ya ce, "Ka zo bayan kaka, hanya ta bushe. Kuma ka iso da hantsi, lokacin da muke ganin baƙi."

Amma kun san hutunmu na nan. Kafil, wato uban gidan da ya ɗauke ka aiki, ba ya sakin mutum sai zafi ya kori kowa daga gari, lokacin kuwa tsakiyar damina ce a gida. Ga shi Doha ta koya mini ba a fita sai rana ta yi sanyi. Da na sauka gida, sai na kama hanyar kurmin da la'asar. Mai babur ya sauke ni a bakin rafi, ya ce iyakarsa ke nan. Na cire takalma na shiga laka.

Na isa ana kaɗa ƙararrawar addu'ar ƙarshe. A al'adarsu, daga nan ba mai magana sai bayan sujadar safe. Yaya ya buɗe ƙofa, ya gan ni, ya ɗora yatsa a leɓe. Tun daga Qatar na zo neman magana, na tarar da shiru. Ko haushi ban ji ba.

Da gari ya fara haske ya tashe ni, muka zauna a barandar ɗakin sujada. Ruwa ya kwana yana zuba. Na ce a raina, "Ubangiji, ba ni da abin faɗa. Ga ni dai."

Iska ta taso daga cikin itatuwa. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hayaƙin ɗanyen itace daga madafa. Haka zanen Mama yake ƙamshi in ta dawo daga gona.

'Yan'uwa, na yi kuka! Ni, Dauda! Yaya ya dafa kafaɗata har aka kaɗa ƙararrawa. Bayan sujada ya ce, "Ƙanena, yanzu tambayi abin da ya kawo ka." Na ce, "Yaya, bar shi tukuna."

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Akwai ranakun da nake tuƙi ta unguwar Mushairib ba na jin komai. Amma yanzu na san ba mutuwa zuciyata ta yi ba, kuma na gode wa Allah.

Wanda zai je kurmin nan, ya bi shawarar Yaya: bayan kaka, da hantsi. Amma in taka zuciyar ta bushe kamar tawa, kada ka jira hanya ta bushe. Ka dogara ga Yesu, ka cire takalma. Amin.